Abin da Ke Sa Gani Ya Ƙi Daidaita Bayan Aikin Yanar Ido

Yanar ido ita ce kan gaba wajen makantar da manya a ƙasar nan. Binciken makanta da aka yi a duk faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa, cikin makafi goma 'yan shekara 40 zuwa sama, fiye da huɗu yana ce ta rufe musu ido. Maganinta aiki ne, kuma aikin yana ci. Amma sau da yawa dattijo daga Fadan Kaje, ko Zonkwa, ko Madakiya yakan dawo daga asibiti yana ganin haske da mutane, sai dai ba ya iya karanta littafi, ko ya shaida fuska daga nesa. Daga nan sai a ce likita ya ɓata ido, maƙwabta su tsorata su ƙi zuwa. Galibi idon lafiyarsa lau, ma'auni ne bai daidaita ba.

A cikin ido akwai wata ƙwaya garai-garai mai tattara haske ta kai shi bangon bayan ido. Idan ta yi fari, ita ce yana. Likita yakan cire ta ya sa ta roba a gurbinta, dabarar da wani likitan Ingila, Harold Ridley, ya fara a Landan a 1949. To, ƙwayar roba tana da lamba, kamar tabarau, kuma kowane ido da tasa. Ana gano lambar ne ta auna tsawon ido da lanƙwasar fatar gabansa kafin aiki.

Babban haɗari shi ne a yi aiki ba tare da wannan awo ba. A wasu wuraren da ake taron aikin ido na kyauta, inda babu na'urar awo, akan sa wa kowa lamba guda ta tsaka-tsaki. Wanda idonsa ya dace da ita ya ci riba. Wanda bai dace ba sai da tabarau mai kauri. Tsawon idon babban mutum wajen milimita 23 ne ko 24, kuma kuskuren milimita ɗaya tak yakan jawo kuskuren lamba biyu da rabi zuwa uku a tabarau. Saboda haka masu dogon ido, watau waɗanda tun suna yara ba sa gani nesa, da masu gajeren ido ƙwarai, su ne lissafi ya fi kuɓucewa a kansu. Wajibi ne mai irin wannan ido ya gaya wa likita, ya kuma tafi da tsohon tabaraunsa.

Jinkiri ma yana da nasa laifi. Mutanenmu sukan jira sai yana ta "nuna" sarai. Idan ta yi kauri, hasken na'urar awo ba ya ratsa ta, sai a koma ga na'ura mai taɓa ido, wadda in an danna ta fiye da kima takan rage tsawon da ta auna. Haka nan hakiyar da ƙyanda, ko amosanin ido, ko rauni a gona suka bari, da naman nan da ke tsirowa daga gefen ido, duk suna karkata fatar gaban ido. Ƙurar hunturu kuwa takan busar da ido har awo ya yi ta sauyawa.

Sai kuma aikin kansa. Babbar tsaga mai ɗinki ta fi ƙarama karkata ido, kuma in jakar da ke riƙe ƙwayar ta yage, dole a ajiye ta roba a wani wurin dabam, lissafi ya ɗan goce.

Mafi muni duka shi ne aikin masu yawo ƙauye-ƙauye suna tura yana cikin ido da tsinke. Binciken da muka ambata ya tarar cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, ta wannan hanya aka taɓa su, kuma mafi yawansu ba su fita daga makanta ba. Idon da ba shi da ƙwaya yana bukatar tabarau mai lamba wajen 10, ban da ciwon da kan biyo baya.

Kafin aiki, a tambayi ma'aikata ko za a auna idon. Tambaya ce ta haƙƙi, ba rashin kunya ba ce. Babban asibitin Kafanchan na iya ba da shawara, ko ya tura mutum Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna; akwai kuma Asibitin Ido na ECWA a Kano. Bayan aiki, kada a sayi tabarau a kasuwa. A jira mako huɗu zuwa shida ido ya zauna, sa'an nan a koma a gwada. Yawancin ƙwayoyin roba don ganin nesa aka yi su, don haka bukatar tabaraun karatu ba alamar ɓacin aiki ba ce. Amma in ido ya yi ja, yana zogi, gani kuma yana raguwa, a koma asibiti a ranar.