Ciki Da Goyo: Wanne Ne Na Haƙuri, Wanne Ne Na Asibiti?

Kwanan baya, da kaka, mun fita rangadin azuzuwa. Muka sauka wani ƙauye da la'asar, muka tarar 'yan aji sun hallara a zauren mai unguwa, kowa da littafinsa da fensirinsa. Malamin aji ya kira suna, mutum guda bai amsa ba. Muka tambaya, aka ce ai yana zaman makoki, ɗansa ya rasu shekaranjiya. Watan yaron takwas. Muka ce me ya same shi? Aka ce, "Haƙori ne."

Da aka tashi muka tafi yi masa ta'aziyya. Ya ce kwana huɗu yaron ya yi yana zawo. Uwar ba ta runtsa ba, kakar kuwa duk saiwar da ta sani ta jiƙa. Ba wanda ya yi sakaci da gangan. Amma kowa ya ɗauka abu ne na kullum, in haƙori ya fito zai wuce. Ga gidan magani, tafiyar da ba ta fi ta sa'a guda a ƙasa ba, ba wanda ya ce a tafi.

Wahalar ciki da goyo iri biyu ce. Akwai wadda a ke haƙuri da ita a gida, ta wuce don kanta. Akwai wadda in an yi mata haƙuri sai ta tafi da rai. A darasin yau muna so mu koyi rarrabe su.

Laulayi

Ciki kwana 280 ne, watau mako 40, in an ƙirga daga ranar da mace ta fara ganin al'adarta ta ƙarshe. A watanni uku na fari ta kan yi laulayi: tashin zuciya, yawan tofar da yawu, kasala, barci da rana tsaka. Wata ba ta son warin daddawa, wata ko ƙamshin turaren mijinta ba ta so. Wata kuma sai dare ya raba ta ce ɗanwake ta ke marmari. Maigida, kada ka ce shagwaɓa ce. Wannan duka na haƙuri ne. Ta riƙa ci kaɗan kaɗan, sau da yawa. Amma in ta yini ta kwana ko ruwa ba ya zama cikinta, to, ya tashi daga na haƙuri.

In ciki ya tsufa sai ciwon baya, da ƙwannafi, da yawan fita fitsari, da ɗan kumburin ƙafa da yamma wanda ya kan saɓe in ta kwanta ta ɗaga ƙafafun. Su ma na haƙuri ne. Sai dai a rage mata daka da ɗaukar tulu. In kun ga tana cin farar ƙasa a ɓoye, kada ku yi mata faɗa kawai, sau da yawa ƙarancin jini ne ke tafe da wannan kwaɗayi.

Awo

Mun san kunya, musamman ga cikin fari. Yarinya ta kan ɓoye har sai zane ya tona mata asiri. Kunya ado ce, amma ba ta auna jini. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ciki ta je awo sau takwas, zuwan fari kuwa ya kasance cikin watanni ukun farko. A wurin awo za a duba ko jininta ya hau, a duba fitsarinta, a ba ta ƙwayar ƙarin jini ta sha kullum. Ƙwayar ta kan sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba kome ba ne, kada ta bari. Daga wata na huɗu a kan ba ta Fansidar don tsare zazzaɓin cizon sauro, wata wata. A yi mata allurar sarƙe-haƙora, wadda ke tsare ta, ta tsare jaririn. Ta kuma riƙa kwana cikin gidan sauro.

Ga waɗanda ba a kwana da su a gida. Zubar jini, kome ƙanƙantarsa. Zazzaɓi mai zafi. Ɗa ya daina motsi a ciki. Faya ta fashe ba naƙuda. Sai kuma wanda ya fi ruɗin mutane: ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannuwa. Wannan jini ne ya hau, kuma shi ne ke kawo jijjiga. In mace ta faɗi tana jijjiga sai a ce iskoki ne, a kama hayaƙi. A kwantar da ita ta gefe, kada a ɗura mata kome a baki, a nemi mota. A asibiti akwai allurar da ke tsai da shi.

A nan muna da magana da ku maza. Mun sha jin an ce mace ta kwana tana zubar jini, mata sun cika ɗaki, amma ba a fita da ita ba domin maigida ya tafi cin kasuwa, ba wanda zai ba da izini. To, ka ba da izinin tun yau. Ka faɗa a gaban mahaifiyarka da maƙwabcinka, cewa ko ba ka nan, in abu ya taso a tafi da ita. In ka sayar da gyaɗa ko wake ka ware kuɗin mota ka ajiye, kada a taɓa su don ragon suna. Ka san mai motar da za a tasa da dare, ka rubuta lambar wayarsa jikin bango. Ai kun koyi rubuta lambobi tun watan jiya. Tun ran gini ran zane.

Naƙuda da jego

Haihuwa a asibiti, ko a hannun ungozoma wadda aka horar, ta fi. In kuwa an fara a gida, a riƙa duban rana. Naƙudar da ta ɗauko tun asuba har magariba, watau sa'a 12, ba a haihu ba, ta zama doguwa. Kan ɗa ne ya tokare. In ya daɗe a haka sai ya danne mafitsara, naman wurin ya mutu, ya huje. Shi ne yoyon fitsari, ɗan kuwa sau da yawa ba a samunsa da rai. Yankan gishiri ba ya buɗe hanya, ƙara ɓarna ya ke yi. Wadda abin ya riga ya same ta kada a wulakanta ta, ana ɗinke shi, akwai babban asibitinsa a Babbar Ruga, a Katsina.

Da ɗa ya faɗo a goge shi, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, a rufe su, a sa masa nono tun sa'ar fari. Nonon nan na fari mai kauri, mai rawaya, da mu ke kira dakashi, da yawa a kan matse shi a zubar wai mugu ne. Asara ce babba. Shi ne rigakafin jariri na farko, tsotson kuma ya kan taimaki mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. In jini ya ƙi tsayawa bayan haihuwa, wannan ba ya jiran gari ya waye. Cibiya kuwa, a shafa mata maganin da aka bayar a asibiti kaɗai. Ban da toka, ban da man goge baki, ban da kashin shanu. Za ta faɗi don kanta cikin mako guda ko biyu.

Ba mu ce a bar wankan jego ba. Mai jego tana bukatar wanka, da hutu, da abinci mai kyau, iyayenmu kuma sun yi gaskiya da su ka ware mata kwana arba'in. Abin da mu ke ja shi ne wuce gona da iri. Cikin shekarun 1970 likitocin asibitin jami'a a Zariya sun lura mata da yawa na zuwa musu bayan haihuwa da ciwon zuciya, jiki a kumbure, suka danganta abin da yawan kunun kanwa da kwanciya kan gado mai wuta. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciya ta yi ta fama. A sirka ruwan wanka, a rage kanwa ƙwarai. Mai jegon da ke haki, ko ba ta iya kwanciya sai a jingine, a kai ta asibiti.

Wata ba haki ke damunta ba, zuciyarta ce ta ƙuntata. Kuka ba dalili a kwanakin fari ya kan wuce. In ya haura mako biyu, ba ta ci, ba ta barci, ba ta kula jaririn, ciwo ne, yana da magani.

Haƙori

Yanzu mu koma ga ɗan abokinmu. Wata shida na fari nono kaɗai ya ishi yaro, ko da bazara ce, gama mafi yawan nono ruwa ne. Uwar ce za ta sha ruwa, shi kuwa ya sha nono. Bayan wata shida a fara masa kunu mai kauri, a sa gyaɗa ko waken suya, da ɗan mai, da ƙwai, da garin zogale, nono kuma na nan har shekara biyu.

Wajen wata shida ɗin nan ne haƙori ya kan fara tsiro, kafin shekara uku ya cika 20. Yaro ya kan yi dalala, ya yi rigima, ya ciji nono, ya hana kowa barci. Na haƙuri ne. Amma haƙori ba ya sa zawo, ba ya sa zazzaɓi mai zafi. To, me ya sa su ke zuwa tare? Domin a lokacin ne yaro ya ke fara rarrafe. Dasashi na ƙaiƙayi, duk abin da hannunsa ya kai sai baki: takalmi, kashin kaji, ƙasar tsakar gida. A lokacin ne kuma a ke fara ba shi ruwan randa da kunun da ya yini a buɗe ƙuda na sauka. Ƙazantar ce ta kawo zawo, haƙori ya ɗauki laifi.

Zawo kuwa da ƙishirwa ya ke kisa. Jikin yaro ƙarami ne, ruwan da ke cikinsa ba shi da yawa. In ya tsiyaye sai ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, fitsari ya ɗauke, in ka ja fatar cikinsa ta daɗe ba ta koma ba. Maɗigar da ta faɗa ba shafe-shafe ta ke so ba, ruwa ta ke nema.

Maganin ba shi da tsada. Akwai garin gishiri da sukari na cikin takarda, a gidan magani da kantin magani. A karanta abin da aka rubuta a jikinta, a zuba cikin ruwa mai tsabta daidai yadda aka ce. In babu, a sami ruwa lita guda, watau ledar ruwan sha biyu, a sa sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. A riƙa ba yaro da cokali, kaɗan kaɗan, duk sa'ad da ya yi zawo. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba. Wanda ya kwana ya yini a zubar, a haɗa sabo. A haɗa masa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. Kada a janye nono, kada a hana abinci. In ya kasa sha, ko ya galabaita, ko akwai jini cikin zawon, sai asibiti nan take. Haka kuma yaron da ke numfashi da sauri, haƙarƙari na shiga ciki, da wanda jikinsa ya yi zafi. Zazzaɓi a gwada jini tukuna, a san ko na sauro ne.

Kati

Dattawan da ke cikinku sun san agana, wataƙila sun san masu zanzanarta a fuska. Da lamba aka yaƙe ta, a 1980 aka shelanta ta ƙare a duniya. Shan inna ma, wanda aka gani na ƙarshe mai asalin ƙwayar a Nijeriya a Borno ne, a 2016, ko da ya ke har yanzu ana ɗiga wa yara maganin don kada ya sami ƙofa. Ƙyanda kuwa tana nan, kowace shekara tana ɗibar yara.

Ranakun rigakafi su ne: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, da wata 15. Bayan allura jiki ya kan yi ɗumi kwana guda ko biyu, yaro ya yi ta kuka. Uwa da yawa daga nan ba ta komawa. Wannan ɗumi na haƙuri ne.

Duk ranakun nan a rubuce su ke cikin katin da a ke ba uwa. Mun ga kati cikin kwalla, mun ga wanda aka soke a jinka har gara ta ci rabinsa, domin ba mai karanta shi a gidan. Yanzu akwai. Ran aji mai zuwa kowa ya zo da katin awon matarsa, ko na rigakafin ɗansa. Wanda ba shi da goyo ya aro na ƙaninsa ko na maƙwabci. Malamin aji zai nuna muku gurbin da a ke rubuta ranar komawa, kowa ya karanta tasa da ƙarfi, sa'an nan ya kwafe ta cikin littafinsa.