KARAYA: YADDA AKE TURA MARA LAFIYA ASIBITIN ƘASHI

Wannan makon mun ɗauko batun karaya, tunda filin ƙwallo da bishiyar mangwaro ba sa rasa mai faɗuwa.

Asibitocin Najeriya hawa uku ne: ƙaramin asibitin unguwa, babban asibitin jiha, sai na ƙwararru. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959, yana hawa na uku, kamar na Igbobi a Legas da na Enugu. Ba kowane targaɗe ake kaiwa can ba. Idan kowa ya tafi, mai babbar karaya zai daɗe a layi. Shi ya sa ake fara zuwa asibiti mafi kusa, idan abin ya fi ƙarfinsu su tura mutum gaba da takarda.

Wannan takarda ba ta wasa ba ce. Ya kamata a rubuta sunan mara lafiya da shekarunsa, ranar da ya ji ciwon da lokacin, wurin da ya karye, maganin da aka ba shi, a haɗa da hoton ƙashi idan an ɗauka. A faɗa masa da baki kawai “je ka Dala” bai isa ba, domin likitan can zai fara komai daga farko, lokaci kuwa yana tafiya.

Lokacin nan shi ne abin tsoro. Yara kamar mu mun fi karyewa a hannu, kuma kusa da gwiwar hannu akwai babbar jijiyar jini. Idan an ɗaure wurin tamau, kamar yadda wasu masu ɗori ke yi da karare da tsumma, jini ba zai isa yatsu ba. Cikin 'yan awanni nama kan fara mutuwa, har ta kai ga yanke hannu. Yatsu sun yi sanyi ko baƙi, ba a jin taɓawa, ciwo na ƙaruwa, ko ƙashi ya ɓullo waje? To, ba a kwana da shi a gida.

Wa ke sa ido? A Kano, Hukumar Kula da Asibitoci ke lura da manyan asibitocin jiha, Dala kuma na gwamnatin tarayya ne. A ƙa'ida, asibitin da ya tura yana rubuta sunan mutum a rajista, wanda ya karɓa kuma ya maido da bayanin abin da ya yi. A ganinmu wannan amsar ce ta fi muhimmanci, don da ita za a gane ko yaron ya isa Dala ko a hanya aka karkata da shi wajen mai ɗori.