Injin Lantarki Ga Ƙaramin Jirgin Iska

A hutun bara na ziyarci kawuna a Legas, wani abokinsa ya ɗauke mu yawo cikin ƙaramin jirgin ruwa irin wanda a ke ɗaura wa babban zane iska ta tura shi. Da yamma iska ta ɗauke. Mai jirgi ya kunna ɗan injinsa na lantarki, ya sake masa wuta duka. Ba mu cika awa guda ba batir ya mutu, ga duhu, ga ruwa yana janye mu. Da filafili muka kai gaci, hannuwa duk sun yi kanta. Da na komo kwaleji na bincika, sai na ga lissafi ne ya kāsa mana, irin wanda mu ke koya wa yara.

Abin ba sabo ba ne. Tun a 1839 Moritz von Jacobi ya tuƙa jirgi da batir a kogin Neba na ƙasar Rasha. A 1881 kuma Gustave Trouvé ya gwada injin da a ke ratayawa a bayan jirgi a kogin birnin Faris.

Yau iri uku ne. Na fari shi ne ƙaramin injin masu kamun kifi, wanda a ke haɗa shi da batir mai bolt 12. Shi ya fi araha, ya kuwa isa fitar da jirgi daga mashigi in ruwa na kwance. Na biyu injin rataye ne mai batirin litiyam a kansa, kamar na Torqeedo na Jamus ko ePropulsion na Sin. Ƙarfinsa wajen wat 1,000 ne, masu yinsa suna daidaita shi da injin fetur mai ƙarfin doki 3. Ya fi tsada ƙwarai, amma mutum ɗaya ya iya ɗaukarsa. Na uku a cikin jirgi a ke kafa shi, na manyan jirage ne. Waɗansunsu ma, in iska na tura jirgi, ruwa ya kan juya farfela ta mayar wa batir wuta.

To, ga inda darasin ya ke. Batir randa ce, inji kuwa mai sha ne. Ka ninka bolt da amfiya, ka sami wat. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe da wat-awa 1,200. Amma in na darma ne, kada a sha fiye da rabi, gama zai lalace da wuri. Saura 600 ke nan. Injin masunta mai ƙarfi yana jan wajen amfiya 50 in an sake shi duka, watau wat 600. Awa guda, randa ta ƙare. Abin da ya same mu ke nan.

Ga abin mamaki kuma. Ruwa yana ƙara tsananta wa jirgi matuƙar ya ƙara gudu, saboda haka rabin gudu ba ya cin ko kusa da rabin wuta. A ce jirgi na yin mil 3 a awa da wat 600, ya yi mil 3 ya tsaya. In an rage shi zuwa mil ɗaya da rabi, a ce da wat 150, zai yi awa 4, watau mil 6. Sannu ba ta hana zuwa. Sai dai a lura: in ruwa na gudu mil 2 a awa yana fuskantarka, mai tafiya mil ɗaya da rabi baya zai yi ta yi. A irin wannan wuri lalle sai inji na biyu.

Saboda haka wanda zai zaɓa ya fara tambayar kansa abu uku: nauyin jirginsa, nisan da zai komo in iska ta ɗauke, da ƙarfin gudun ruwan. Sa'an nan ya auna batir, ya bar sulusi don ko ta kwana. In ruwan gishiri ne, ya nemi injin da aka yi dominsa, ya riƙa ɗauraye shi da ruwan daɗi. Filafili kuwa kada ya bar shi gida.

'Yan'uwana masu shirin koyarwa, na ba yaran aji shida wannan lissafi lokacin gwajin koyarwa. Da na gaya musu ni ne na kusa kwana bisa ruwa, har wanda ya saba barci a bayan aji ya ɗauki alli.