Shinkafar Biyetnam da Ruwan Goronyo

Wani mai sauraronmu daga Wurno yana tambaya: yaya Biyetnam ta rage talauci da noman shinkafa, mu ga madatsar Goronyo amma muna fama?

To Malam, a 1986 Biyetnam ta sauya tsari, daga baya aka sakar wa manomi gonarsa da cinikin amfaninsa. Zuwa 1989 tana fitar da shinkafa waje, kodayake an bar ƙabilun tsaunuka a baya.

Madatsar Goronyo kuwa tun 1984 take tare ruwan kogin Rima, amma magudanai ba su kai gonaki da yawa ba. Manomin tafarnuwa a Wurno kan sayar da arha lokacin girbi don biyan bashin taki, mai ajiya ya kwashe riba. A Rabah kuma 'yan bindiga sun raba mutane da gonakinsu.