Darasin Lafiyar Iyali: Fiya da Amfaninta a Abincinmu

Littafin Farawa ya koya mana cewa Allah ya ba ɗan Adam tsire-tsire da 'ya'yan itatuwa domin su zama abincinsa. Saboda haka sanin amfanin abin da muke ci yana cikin godiyar da ta wajaba a kanmu. A wannan darasi za mu duba fiya.

Asalin fiya ƙasar Meziko ne. Itacenta yana son ruwa da sanyi-sanyi, shi ya sa ba ya jure zafin Sakkwato, inda a watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40. Wadda muke gani a kasuwa daga Filato da kudancin ƙasa ake kawo ta. Manomin gero a Dingyaɗi, ko Boɗinga, ko Shagari, in zai ci ta sai ya saya, kuma ba ta da araha. To, mene ne ribar wannan kuɗi?

Yawancin 'ya'yan itatuwa ruwa ne da zaƙi, amma fiya mai ke cikinta. A giram 100 na tsokarta akwai mai wajen giram 15, irin wanda ke cikin man zaitun, mai kyau ga zuciya. Tana da fotasiyam fiye da ayaba, da folet da mai juna biyu take bukata domin jaririn da ke cikinta. Babban amfaninta kuwa shi ne wannan: bitamin A da ke cikin zogale, karas da kabewa ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Yaron da ya rasa bitamin A yakan kamu da dundumi, ƙyanda da gudawa kuma su fi yi masa illa.

Ga yadda za a yi amfani da ita:

1. Fiya ba ta nuna a kan itace. A ajiye ɗanya tare da ayaba har ta yi laushi.
2. Kada a dafa ta, domin wuta na sa ta ɗaci. A yanka a kan kwaɗon zogale, ko shinkafa da wake, ko a shafa a burodi.
3. Jaririn da ya cika wata 6 ana iya murtsuke masa cokali biyu cikin kunu, ana ci gaba da ba shi nono.
4. In an yanka an rage, a matsa lemon tsami a kai don kada ta yi baƙi.
5. Kada a ba kaji da awaki ganyenta ko ƙwallonta, guba ne gare su.
6. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita tukuna.

In fiya ɗaya ta shigo gida, a fara da yaro, da mai ciki, da majinyaci. In babu kuɗinta, gyaɗa da riɗi da ƙuli-ƙuli suna yin wannan aiki na maiƙo, kuma suna nan kusa da mu. A ranakun Jumma'a na Azumi, da muke barin nama, waɗannan duka sun isa su ƙosar da iyali.

Muna roƙon Zumuntar Mata da katikis su tattauna wannan darasi bayan Misa. Ubangiji ya albarkaci abincinmu, ya ƙosar da mayunwata ta hannunmu. Amin.