Misar Da Da Misar Yanzu: Darasi Daga Wata Muhawara

In muka tambayi dattawan da suka halarci Misa kafin shekarar 1965, za su faɗa mana cewa a wancan zamani Fada yakan tsaya a gaban bagade, ya ba jama'a baya, yana karanta addu'o'i da harshen Latin, wasu ma a hankali ƙwarai. Jama'a kuwa suna durƙushe shiru. Yau Fada yana fuskantarmu, muna jin karatu da harshenmu, muna amsawa, muna raira waƙa da ganga. Ta yaya aka zo nan, kuma me ya sa har yanzu ake gardama a kai?

Tsohon tsarin Misa ya samu tsayayyen fasali ne a 1570, lokacin da Paparoma Pius na Biyar ya fitar da littafin Misa bayan Taron Trent. Aka bi shi kusan shekara 400. Sai Babban Taron Vatican na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya nemi jama'a su riƙa sa hannu sosai cikin sujada. Taron bai soke Latin ba, amma ya ba harsunan gida fili. A 1969 Paparoma Paul na Shida ya amince da sabon tsari.

Ba kowa ne ya yi murna ba. Babban Bishop Marcel Lefebvre, Bafaranshe wanda ya taɓa shugabancin ikilisiyar Dakar a Senegal, ya ƙi sabon tsarin. A 1988 ya naɗa bishop huɗu ba da izinin Paparoma ba, abin da ya jawo tsaga. A 2007 Paparoma Benedict na Sha Shida ya sauƙaƙa wa firistoci yin tsohuwar Misa, amma a 2021 Paparoma Francis ya taƙaita izinin, domin yana ganin ana amfani da ita wajen raba kan masu bi.

Masu son tsohon tsari suna cewa shirunsa da natsuwarsa suna koya wa mutum tsoron Allah, kuma harshe ɗaya yana haɗa Katolika na duniya duka. Masu son sabo suna cewa addu'ar da mutum bai fahimta ba da wuya ta shiga zuciyarsa. Kowanne yana da gaskiyarsa.

Ga abin da ya kamata mu riƙe. Kiristocin farko na birnin Roma da Helenanci suke sujada. Sun koma Latin ne wajen ƙarni na huɗu, domin shi ne harshen da talakawa ke ji. Ashe Latin ma a zamaninsa harshen gida ne. Saboda haka yin Misa da Hausa ba saba wa iyayenmu cikin bangaskiya ba ne, sawunsu muke bi.

Amma kuma masu son tsohon tsari sun taɓo mu inda yake mana ciwo. Mu da muke jin kowace kalma, sau nawa muke hira a bayan majami'a ana tsakiyar karatu? Kakanninmu ba su ji Latin ba, amma sun durƙusa da ladabi. Mu mun samu fahimta. Kada mu yar da ladabin. Ranar Lahadi mai zuwa kowannenmu ya auna kansa.