Raba zama ba tare da saki ba: ina makomar yara?

Tambaya: Ni da maigidana zama ya ƙi daɗi, amma ba ma son kashe auren. Yaranmu biyu ƙanana ne. Akwai takardar da za ta kare su? (Wata uwa daga Kaduna)

Amsa: Akwai, sai dai hanyar ta danganta da irin auren. Idan a rajista aka ɗaura shi, dokar shari'o'in aure ta Najeriya ta 1970 ta ba Babbar Kotu ikon raba zaman ma'aurata alhali igiyar aure tana nan, don haka babu mai iya sabon aure a cikinsu. A auren Musulunci kuwa, akan bi ta sulhu ne gaban waliyyai ko alƙalin kotun shari'a. Ciyarwa tana kan uba ko yaran suna ina, kuma mazhabar Malikiyya tana fifita uwa wajen riƙon ƙananan yara.

Amfanin takardar yana cikin fayyace abubuwa dalla-dalla: gidan da yara za su kwana, kuɗin abinci da ranar biyansa, kuɗin makaranta, wanda zai kai yaro asibiti idan zazzaɓi ya taso da tsakar dare, da inda za su yi sallah ko dogon hutu. "Zan riƙa kawo abin da ya samu" ba sharaɗi ba ne, kuma daga nan yawancin rigima ke tasowa.

Kuskure ne babba a sa hannu cikin fushi, ko a hana uba ganin 'ya'yansa don ya makara da kuɗi. Ya kamata lauya ya duba takardar, shaidu su sa hannu, sannan a kai ta kotu ta tabbatar. Alƙali yana iya sauya duk sharaɗin da ya ga zai cutar da yaran.